Kwalayen Zaidu Bakwai

Ranar Talata, takwas ga watan Agusta na 2023, ita ce rana ta ƙarshe da ɗana ya yi cikakkiya a duniya. Sau biyu kawai na gan shi a cikinta. Sauran na tattaro ne daga bakin mahaifiyarsa Fadimatu, da matarsa Jannatu, da abokin sana'arsa Japhet. Inda maganarsu ta saɓa a kan lokaci, na ɗauki ta wanda ya duba agogo.

Sunansa Zaidu. Shi ne ɗana na fari, don haka a shekara talatin da ɗaya da ya yi ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba, kamar yadda mahaifina bai taɓa kiran na yayana ba. Sana'arsa ƙera akwatin haske ce, wato akwatin alminiyam mai fuskar farar roba, da ƙananan ƙwayayen lantarki a ciki, wanda ake zura hoto ko talla a gabansa domin a gani bayan rana ta faɗi. Irinsu ne a ƙofar shagunan magani, da na masu hoto, da na masu gyaran waya a nan Kontagora.

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na gan shi a masallacin unguwa. Bayan sallama ya jira ni a bakin ƙofa, ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina kallon wani wuri. Haka muke yi kullum.

Ƙarfe bakwai ya karya kumallo da koko da ƙosai a sashensu. 'Yarsa Bashira, mai shekara biyu, ta tsoma hannu a kokon, ya shanye duk da haka. Bakwai da rabi ya shiga ɗakin ajiya da ke bayan madafi, ya sauke kwali ɗaya daga cikin bakwai da ke rataye a ƙusa, ya ɗaure shi a bayan babur.

Kwalayen nan tsofaffin kwalayen sabulu ne da ya yayyanke, kowanne da gefe ɗaya miƙaƙƙe, ɗaya gefen a lanƙwashe. Ba rubutu a jikinsu, ba lamba. Duk abin da ya bambanta akwatinsa da na sauran masu sana'ar yana cikin wannan lanƙwasa, kuma ba a ajiye ta a ko'ina ba sai a jikinsu. A gida yake ajiye su saboda rufin shagon yana yoyo. A ranar ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Ƙarfe takwas ya isa shago. Japhet mutumin Dukku ne, mai walda, ya girme shi da shekara shida, kuma shi ke da makulli. Ya ce da ya hango kwalin a bayan babur sai ya yi masa irin gaisuwar da ya saba.

"Injiniyan kwali, an fito? Yau wace saniya aka koro?"

"Ta uku. Ka wanke hannu kafin ka taɓa ta, na san doya ka ci da manja."

"Ka ji Bafulatani. An bar kiwon shanu an koma kiwon ƙwan fitila, amma raini na nan."

Daga takwas zuwa sha ɗaya suna harhaɗa firam ɗin wani akwati mai tsawon santimita sittin, na wani mai shagon hoto. Mai hoton ya leƙo wajen ƙarfe goma, ya ce yana son haske mai ƙarfi, wanda za a hango daga bakin tasha. Zaidu ya ce masa haske idan ya yi yawa yana cinye fuskar amarya, ya bar idanu da janbaki kawai. Mai hoton ya ce to a yi yadda ya gani.

Sha ɗaya zuwa ɗaya suka lanƙwasa fallen da ke zama bayan akwatin. Japhet ke dannawa, Zaidu na ɗora kwalin a kai yana leƙa tsakaninsu, sai ya ce a ƙara nan, a sassauta can, har falle da kwali suka kwanta a jikin juna ba rata. Daga nan ya fesa masa farin fenti ya jingine shi a rana.

Ƙarfe biyu ya yi azahar, suka ci shinkafa da wake. Uku zuwa huɗu da rabi ya jera ƙwayayen, ya rufe akwatin da gam da ƙusoshin matsi, irin waɗanda ba sa kwancewa sai an huda su. An yi ruwa na kusan minti arba'in a tsakani. Biyar da rabi suka kafa akwatin a saman ƙofar mai hoton.

Shida da kwata ya tsallaka titi ya tsaya. Ba ya yarda aiki ya ƙare sai ya gan shi daga inda mai wucewa zai gan shi, a daidai lokacin da hasken rana da na akwatin suke kai ɗaya. Japhet ya ce ya kai minti ashirin a tsaye hannu a ƙugu, masu babur na kauce masa, sannan ya ɗaga yatsa ɗaya, alamar a sauke tsani.

Bakwai da rabi ya dawo gida. Ina zaune a zaure ina sauraron rediyo ya wuce da kwalin a hammata. Ya gaishe ni. Daga tsakar gida na ji yana faɗa wa mahaifiyarsa, da muryar da zan iya ji, cewa gobe zai je Dukku ya auna gaban wani shagon magani. Haka yake sanar da ni tafiye-tafiyensa. Ya mayar da kwalin a ƙusa, ya ci tuwo, ya yi isha'i.

Washegari, Laraba, wajen ƙarfe tara na safe, yana kan babur zuwa Dukku, tayar wata motar kaya ta fashe a hanyar Rijau, motar ta kwaso zuwa hannunsa. Waɗanda suka ɗauke shi sun ce bai yi magana ba. An yi masa sutura bayan la'asar.

An haife shi a 1992, ina shekarar ƙarshe a jami'a. Da aka yaye shi aka kai shi wurin mahaifiyata a rugarmu da ke gefen Kumbashi, domin ɗan fari na kaka ne. Can ya zauna har ya shekara tara, shi ya sa Fadimatu take ce masa ɗan Inna. Da ya dawo wurinmu don makaranta Hausarsa ba ta nuna ba, yaran unguwa suna kwaikwayonsa, sai ya zama mai ƙarancin magana. Fadimatu ta ce a hanyar makarantarsu akwai wani shagon hoto mai akwati da doguwar fitila a ciki, kuma sau da yawa a nan ake samo shi idan ya yi jinkirin dawowa.

Ya yi difloma a fannin lantarki, bai ci gaba ba. Ya zauna da wani mai rubuta allunan talla shekara biyu, sannan suka haɗu da Japhet a 2016 suka kama shago. Ni kuwa shekara ashirin da tara na yi ina koyar da zanen fasaha a makarantar koyon sana'a. Na koya wa ɗaruruwan 'ya'yan mutane cewa abin da ba a zana shi da awo ba, ba a ƙirƙire shi ba tukuna. Ban taɓa taka ƙofar shagon ɗana ba. Ba faɗa muka yi ba. Uba ba ya zuwa ya tsaya a kan aikin ɗan fari yana yabo, mutane su gani. Idan abokaina suka ce sun ga wani aikinsa ya yi kyau, nakan ce Allah Ya taimaka, in kawo wata magana.

Abin da ya gano, kamar yadda na fahimta daga baya, shi ne wannan. Yawancin masu sana'ar suna jera ƙwayayen ne a bayan akwatin suna kallon fuska. Idan akwatin bai yi zurfi ba, kowane ƙwai yana bayyana a jikin hoton, ɗigo-ɗigo, kamar mai ƙyanda. Idan aka zurfafa shi, sai ya turo waje, iska ta riƙa girgiza shi, masu ɗauke da dogon kaya su riƙa bugunsa. Shi sai ya ɓoye ƙwayayen a bakin sama da na ƙasa, suna kallon baya, ya lanƙwasa fallen baya, ya shafe shi da fari, yadda hasken zai daki fallen ya dawo shimfiɗe. Akwatinsa bai wuce faɗin tafin hannu a kauri ba, kuma ba tabo. Ya kuma mayar da kafofin shan iska ƙasa, ya karkata hanyarsu ya sa musu raga, saboda shinge da sauran ƙwarin damina da ke shiga akwatunan mutane su mutu a ciki su taru a gindin hoto. Kafofin kowa ya gani zai iya kwaikwaya. Lanƙwasar ce ba a gani daga waje. Kowane girma da tasa, kuma bai samo su da lissafi ba. Yanka ya yi ta yi yana gwadawa yana zubarwa, har ya tsaya a kan bakwai.

Ranar sadakar uku aka wayi gari da ruwa. Gidan cike yake da 'yan'uwa daga Kumbashi da mutanen Jannatu daga Beri, ana bukatar ɗora manyan tukwane, itacen kuma duk ya jiƙe. Ƙanwata Mairama ce ke kula da girki. Wajen ƙarfe tara ta zo bakin zaure, inda nake karɓar gaisuwa, riƙe da wasu yankakkun kwalaye.

"Hamma, waɗannan na ɗakin ajiya, suna da amfani? Wutar ta ƙi kamawa."

Na dube su. Na ga kwalin sabulu, na ga gefen da aka yanka a karkace, kamar aikin yara.

"Ba su da shi. Ɗauki."

Jannatu ta san ko mene ne su. Tana ɗakinta ta shiga takaba, mata zagaye da ita, taku goma sha biyu daga murhun. Ba wanda ya ga dalilin tambayar mai takaba zancen kwali, kuma tunda uban mamaci ya yi magana, an gama.

Bayan kwana bakwai Japhet ya zo. Ya riga ya zo gaisuwa sau uku, wannan karon ya jira har zauren ya rage. Ya ce ba ya son ya tayar da magana da wuri, amma akwai ayyuka huɗu da suka karɓa tare, yana roƙon a ara masa kwalayen ya ƙarasa. Na ce waɗanne kwalaye. Ya kwatanta. Na shiga ɗakin ajiya na tarar da ƙusar ba komai a jikinta, sannan na dawo na faɗa masa abin da aka yi da su, da wanda ya ba da izini.

Japhet ya ce:

"Baba, ni hannu ne kawai. Shekara bakwai ina danna falle, ban taɓa sa tef na auna ba. Shi ke cewa ya yi, in tsaya."

Na tambaye shi ko akwai wani falle da aka lanƙwasa ba a rufe ba. Ya ce babu, ba sa lanƙwasawa sai ranar rufewa. Na tambayi ko akwai hoto a waya. Ya ce akwai hotunan akwatuna a kunne da yawa, ba na cikinsu. Ya ce zai iya komawa yin masu zurfi irin na kowa, zai ci abinci da su, amma irin na Zaidu sun ƙare ke nan. Ya faɗi wannan ba da zargi ba.

Ban faɗa wa Mairama ba, kuma na hana a faɗa mata. Ta yi tambaya, an ba ta amsa.

A mako na uku na je shagon a karo na farko. Ɗaki ne ɗaya da rumfa, da benci mai tsawo. Na ce wa Japhet zan fitar da lanƙwasar da lissafi, tunda haske yana da ƙa'ida. Na kwana goma a kan allon zane. Na ɗauka cewa ƙwayaye na sama da na ƙasa iri ɗaya ne, don haka wuri mafi zurfi zai kasance a tsakiya daidai. Japhet ya bi zanena ya ƙera. Da muka kunna da magariba muka tsallaka titi, sai ga inuwa kwance a ƙasan tsakiya, kamar an ɗaura wa hoton ɗamara. Na gyara, ya sake ƙerawa, inuwar ta hau sama. A karo na huɗu ta rabu biyu. Japhet ya ce, ba tare da ya dube ni ba, wai ko Injiniyan kwali sai da ya cika buhu da yankakku kafin ya dace, ni da na fara jiya kada in ji haushi.

Hanya ɗaya ta rage, a buɗe ɗaya daga cikin nasa a auna. Japhet ya rubuta mini inda suke, na riƙa fita bayan la'asar ina bi ɗaya bayan ɗaya. Arba'in da shida na samu a cikin gari suna aiki. Na auna tsawo da faɗi da kaurin kowanne, na rubuta. Wannan bai gaya mini komai game da cikinsu ba. Ta gefe ake zura hoton, ta wata siririyar kafa, ita ma a gaban farar robar take. Sauran jikin a liƙe yake ruf, saboda ruwa da ƙwari. Ba a buɗewa sai da injin yanka, kuma sau da yawa robar takan tsage.

Mutum uku na roƙa. Mai hoton ya ce nasa ne aikin ƙarshe na marigayi, ba zai yarda a sa masa ƙarfe ba. Wata mai shagon ɗinki ta ce in yi haƙuri, masu kawo mata aiki da akwatin suke kwatancen shagonta. Wani mai shagon magani, wanda akwatinsa ne mafi girma a cikinsu, ya ce ranar da ya lalace zai aiko mini da shi har gida. Ban ga laifinsu ba. Da yawansu ma ba su san ni ne uban ba sai da na faɗa.

Fadimatu ce ta gaya mini akwai ɗaya a cikin gidana. Ƙarami ne, mai tsawon santimita arba'in, girma na biyu a cikin bakwai ɗin. Ya yi wa Jannatu shi bayan sunan Bashira, da hotonsu su uku a ciki, yana aiki da ƙaramin batir. Tun da ta shiga takaba shi take kunnawa da magariba maimakon fitila.

Mako biyu suka wuce. Sannan na aiki Fadimatu, domin suruki ba ya tunkarar matar ɗansa da irin wannan roƙo, balle tana takaba. Na ce a faɗa mata duka, har da cewa ni na ba da kwalayen, da cewa idan aka yanka akwatin ba zai koma yadda yake ba, kuma yana iya lalacewa gaba ɗaya. Fadimatu ta dawo ta ce yarinyar ta riga ta sani tun ranar, domin ta hango Mairama ta taga lokacin da wutar ta riga ta kama. Amsarta ita ce a bar ta ta fita tukuna.

Na jira. A tsakanin Japhet ya mayar da ayyuka biyu daga cikin huɗun, ya yi sauran biyun masu zurfi da yardar masu su.

Ta fita takaba a tsakiyar Disamba. Kwana biyu bayan haka, da hantsi, ta zo bakin zaure da akwatin naɗe a zane, ta durƙusa daga waje, ta turo shi ciki. Ta riga ta zare hoton.

"Baba, ga shi. Damina guda ya yi yana yanka kwalayen nan, ni ke share tarkacen. Idan an gama a mayar mini, ko da tabo ne."

Na ce za a mayar. Iyakar maganar da ta taɓa shiga tsakanina da ita ke nan, ban da gaisuwa.

Japhet ya ƙi sa injin. Ya ce injin ba ya da kunya. Da ƙaramin zarto ya yi aikin, ya bi gefe ɗaya a hankali, ya huda ƙusoshi goma sha huɗu ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauke shi daga ƙarfe tara zuwa sha biyu. Robar ta tsage kaɗan a kusurwar ƙasa ta hagu, tsawon santimita uku. Da ya ɗaga fuskar, cikin fari ne tas, ba ƙura, ba ƙwaro ko ɗaya.

Na gitta rula ta ƙarfe daga bakin sama zuwa na ƙasa, na riƙa auna zurfi a kowace santimita, wuri arba'in da ɗaya. Na maimaita sau uku a wurare daban-daban, awon ya zo ɗaya. Wuri mafi zurfi ba a tsakiya yake ba. Yana santimita goma sha bakwai daga ƙasa, kuma daga nan lanƙwasar tana hawa a hankali zuwa sama, amma tana tashi da sauri zuwa ƙasa, da wani ɗan doro kusa da baki wanda ba zan taɓa kawo shi da lissafi ba. Japhet yana ganin saboda daga ƙasa mutane ke kallon akwati ne. Ni ina zargin hanyar iskar da ke gindin tana tare wani ɓangare na hasken, shi ne ya rama. Mai yiwuwa duka biyun ne. Wanda ya sani ba ya nan.

Na zana ta a takarda da cikakken awo. Japhet ya yanka sabon ma'auni, wannan karon a fallen ƙarfe, ya ƙera akwati. Muka kunna shi da magariba muka tsallaka titi. Ba inuwa. Japhet ya ce, "Saniya ta biyu ta dawo gida."

Daga ita na ƙara girma na rage. Na ɗaya da na uku sun fito bayan gwaji shida. Na huɗu ya fito da wata inuwa mai rauni wadda sai wanda ya san da ita zai gani, Japhet ya ce zai iya sayar da shi ba tare da jin nauyi ba. Manyan uku sun ƙi. Da akwati ya wuce mita ɗaya ƙa'idar tana sauyawa ta wata hanya da ban gano ba. Na gwada har ƙarshen Fabrairu, na tsaya. Cikin bakwai, uku sun dawo daidai, ɗaya ya kusa, uku sun tafi.

An raba gadonsa a watan Maris, a gaban malamin unguwa da wakilan gidan su Jannatu, kowa ya karɓi abin da shari'a ta ba shi. Tufafinsa Fadimatu ta bayar tun a kwana arba'in, ban da hula ɗaya da ta aika wa mahaifiyata a ruga. Babur ɗin bai gyaru ba, wani makanike ya ɗauki abin da zai yi amfani. Shanunsa biyu da ke Kumbashi sun faɗa rabon Bashira, suna nan cikin garken ƙanena. Wayarsa tana wurin Jannatu, bayan an kwashe wa Japhet hotunan ayyukan da lambobin masu kawo aiki. Kayan aikinsa na shago sun faɗo rabona da na Fadimatu, muka bar wa Japhet su a inda suke.

Zanen lanƙwasa huɗun na yi shi kwafi uku, da tawada, kowanne da awonsa da ranar da aka auna. A gurbin sunan mai ƙirƙira na rubuta nasa, a na mai zane na rubuta nawa. Ɗaya yana shago cikin leda, ɗaya yana wurina, ɗaya na sa a cikin takardun Bashira.

Ƙaramin akwatin Japhet ya mayar da shi ya rufe da sababbin ƙusoshi, ya cike tsagar da gam. Idan aka kunna, wani siririn haske yana fita ta gefen da aka yanka, kuma tsagar kusurwar tana bayyana a gefen zanen Jannatu a cikin hoton. Na aika mata ta hannun Fadimatu, tare da bayanin waɗannan aibobi biyu. Ta kunna ta duba, ta ce ta karɓa. Da 'yan'uwanta suka zo ɗaukarta zuwa Beri ita da Bashira, an ɗaure gado da kwalla da sauran kaya a bayan mota. Akwatin a cinyarta ta riƙe shi.